Albashin wata, hidimar shekara: yadda magidanci zai raba kuɗinsa

Albashi wata-wata yake shigowa, ribar ɗan kasuwa kuma kullum-kullum, amma manyan hidimomin gida ba sa bin ko ɗaya daga cikin biyun. Kuɗin haya a Kano ko Kaduna ko Sakkwato sau ɗaya ake biyansa a shekara, kuma mai gida a dunƙule yake son abinsa. Kuɗin makaranta sau uku ne. Azumi da sallah suna da lokacinsu. Yawancin bashin da ke wuyan masu ƙaramin ƙarfi daga nan yake tasowa: hidimar da aka san ranar zuwanta tun bara, sai ta iso ta tarar ba a ajiye mata ko sisi ba, a fita neman rance kamar gobara ce ta tashi. Duk wanda yake son gyara lissafin gidansa, daga wannan giɓi ya kamata ya fara.

Kafin mu shiga lissafi, akwai gaskiyar da ba za a tsallake ba. A ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin mai. Cikin 'yan kwanaki litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa 500 da ɗoriya a Arewa, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, wato abin da aka saya naira 100 a Disambar 2023 ya koma kusan 135. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga 30,000 zuwa 70,000 a Yulin 2024, duk da haka ƙarin bai kamo tsadar ba. Saboda haka ba na cikin masu cewa duk mai fama da babu rashin tsari ne ya jawo masa. Mai ɗaukar 70,000 da baki takwas a gida, babu lissafin da zai cika masa tukunya. Amfanin tsari shi ne ya hana bashi cinye ɗan abin da ke akwai, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne.

Matakin farko shi ne sanin inda kuɗin ke tafiya. A sayi littafin rubutu irin na 'yan firamare, a yi wata guda cur ana rubuta duk abin da ya fita daga aljihu: kuɗin cefane, ɗan sahu, mai ga-ruwa, gawayi ko gas, katin waya, niƙa, kuɗin tara na yara, sadakar almajiri, har da naira ɗarin da mai POS ya cire. A wannan wata kada a hana kai komai, a rubuta kawai. Aikin ba zai yiwu ba sai da uwargida, domin mafi yawan kuɗin abinci ta hannunta yake bi, ita ce kuma ta san kwana nawa kwalbar manja ke yi. Sai dai maigida ya kiyaye, kada ya mayar da littafin hanyar tuhuma. Ranar da ya fara cewa "ina aka kai canjin jiya?" da ɗaure fuska, ranar gaskiya ta daina shiga littafin. A ƙarshen wata za a ga abubuwan da ido ba ya gani. Wanda yake cire kuɗi kaɗan-kaɗan sau ashirin a wata, ana karɓar masa naira 100 kowane cira, ya biya 2,000 a kan kuɗinsa na kansa. Gidan da ke sayen mai da omo da gishiri ƙulli-ƙulli yana biyan ribar mai ƙullawa kullum rana ta Allah.

Mataki na biyu shi ne ginshiƙin lamarin, a kansa zan fi tsayawa. A buɗe sabon shafi a jera hidimomin shekara, kowacce da watanta da kuɗinta. Mu ɗauki misali don lissafin ya fito fili. A ce ma'aikaci ne mai albashin 150,000, da mata ɗaya da yara uku. Hayarsa 240,000 ce a shekara. Kuɗin makarantar yaran duka, da littattafai da kayan sawa, 40,000 kowane zango, ya zama 120,000. Ƙarin cefanen azumi da zakkar fidda kai da ɗinkin sallah, a ce 84,000. Gudummawar biki da suna da gaisuwar rasuwa a dangi, a ce 36,000. Jimilla 480,000. A raba gida goma sha biyu, kowane wata ya tashi da 40,000.

Ma'anar wannan ita ce, mutumin nan albashinsa na kashewa 110,000 ne. Dubu arba'in ɗin can tuni tana da masu ita, lokacin karɓarsu ne kawai bai yi ba. Idan ya ci gaba da rayuwa a kan 150,000, to kowane wata yana cin bashin 40,000 bai sani ba, sai ranar da mai gida ya aiko. Don haka ranar da albashi ya shigo, wannan kaso shi ne farkon fita, kafin a biya mai shago, kafin a sayi ko da kwanon shinkafa. Wanda ya ce zai jira ya ga abin da ya rage a ƙarshen wata, ba zai taɓa ganin saura ba.

Akwai abu guda da ake mantawa wajen jera watannin. Shekarar Musulunci tana gaza ta Bature da kimanin kwana 11, don haka azumi da sallah suna matsowa baya kowace shekara, alhali haya da zangon makaranta suna nan inda suke. Wata shekarar sai sallah ta faɗo a mako ɗaya da komawa makaranta. Wanda ya duba kalanda tun farkon shekara zai ga wannan karo tun da nisa, ya yi ɗinkin yara da wuri, kafin teloli su cika da aiki atamfa da shadda su yi tsada a Kantin Kwari. Maƙwabcinmu Kirista ma haka lissafinsa yake, don Kirsimeti da kuɗin makarantar Janairu a manne suke.

Sauran 110,000 ita za a raba wa hidimar wata, kuma littafin da aka cika a matakin farko shi zai faɗi yadda rabon zai kasance. A misalinmu, abinci 60,000, kuɗin mota 18,000, wuta da ruwa da makamashin girki 12,000, katin waya 4,000, na iyaye 6,000. An kashe 100,000, saura 10,000, wadda za mu dawo kanta idan mun zo maganar bashi. Kuɗin abincin ya fi kyau a raba shi biyu: na tsaba da mai da sabulu a saya gaba ɗaya a farkon wata, na kayan miya kuma a kasa shi mako huɗu, kada na mako na uku ya shiga tukunyar mako na farko.

Wanda ba shi da albashi, tela ne ko ɗan sahu ko mai kayan miya, lissafinsa ɗaya ne, sai dai kullum zai riƙa cirewa. Dubu arba'in a wata ita ce kimanin 1,350 a rana. Babban haɗarin mai sana'a shi ne haɗa jari da kuɗin gida a aljihu ɗaya. Ya yanka wa kansa abin da zai ɗauka kullum, ranar ciniki da ranar da babu, kada ya wuce shi. Shagunan da suka karye sanadin cefane sun fi waɗanda ɓarayi suka karya yawa, a ganina.

Mataki na uku: ina za a ajiye kason shekarar? Kuɗin da ke cikin asusun da katinsa ke aljihunka ba a ajiye yake ba. Dole a nisanta shi da hannu, kuma kowace hanya tana da amfaninta da aibinta.

Adashi shi ne mafi daɗewa, kuma har yau yana aiki, saboda kunyar mutane tana tilasta zubi fiye da niyyar mutum shi kaɗai. Mutum goma suna zuba 20,000 kowane wata, kwasa 200,000 ke nan, ta kusa biyan hayar misalinmu. Dabarar ita ce a nemi kwasar ta faɗo a watan da hidimar za ta zo, a faɗa wa uwar adashi tun ranar da aka fara. Amma a san abu biyu. A lokacin tsada, mai kwasar ƙarshe yana karɓar kuɗin da darajarsa ta ragu, don haka adalci shi ne a riƙa juya layin, wanda ya zo ƙarshe a wannan zagaye ya zo farko a na gaba. Na biyu, wanda ya yi kwasar farko ya sani cewa rance ya karɓa daga 'yan'uwansa, sauran watannin duk biya ne. Kada a shiga adashin da ba a san gidan kowa ba, kada kuma a shiga uku a lokaci ɗaya har a koma ana cin bashi don a yi zubi. Shi kuwa mai adashin kullum da ke zagaya kasuwa da katinsa, al'adarsa ita ce ya ɗauki zubin rana ɗaya a wata ladan aikinsa, wato kusan kashi uku cikin ɗari. Ga mai sana'ar da kuɗi ba ya kwana a hannunsa, wannan lada bai yi yawa ba, matuƙar mutumin amintacce ne.

Banki ya fi tsaro. A buɗe asusu na daban, kada a karɓi katinsa, kada a sa shi a waya. Wanda yake gudun kuɗin ruwa yana da zaɓi yanzu: bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, Lotus a 2021, dukkansu ba sa mu'amala da riba. Ajiyar banki mai lasisi tana da inshora a wajen hukumar NDIC, wadda a Mayun 2024 ta ɗaga abin da take lamuncewa zuwa naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya a bankin kasuwanci, miliyan 2 a ƙananan bankuna. Da Babban Banki ya soke lasisin bankin Heritage a Yunin 2024, ta wannan hanya aka biya masu ƙananan ajiya. Asusun ƙasa ko na katako a ƙarƙashin gado yana da kyau ga yara da canjin cefane, amma waɗanda suka tara tsofaffin takardun kuɗi a gida sun ga wahala a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi.

Hanya ta uku ita ce wadda kakanninmu suka fi sani, wato ajiye abinci. Farashin gero da dawa da masara da wake yakan sauka da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, ya hau idan damina ta yi nisa rumbuna suka yi ƙasa. Wanda ya sa kwasar adashinsa ta faɗo da kaka, ya je Dawanau ko kasuwar ƙauye ya sayi buhu ɗaya ko biyu, ya rage wa kansa nauyin wasu watanni. Gidaje biyu ko uku ma suna iya haɗa kuɗi su raba buhu. Wake yana son buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, ko jarka mai murfi da ba ta shan iska. Idan hatsin ya bushe sosai aka ɗaure da kyau, ƙwari suna mutuwa ba tare da an zuba magani ba. Sai dai a sayi na ci kawai. A Yulin 2024 gwamnati ta sanar da janye harajin shigo da masara da alkama da shinkafa da wake na kwana 150, a 2025 kuma farashin hatsi ya faɗi, waɗanda suka tara don jiran tsada suka yi asara. Mai buhu biyu na tuwon gidansa bai rasa komai ba, ya ci abinsa. Kiwon akuya ko tunkiya da mata ke yi shi ma ajiya ce mai kyau, in an lissafa kuɗin dusa da harawa da magani.

Abin da ba ajiya ba ne ko kaɗan shi ne duk wanda ya yi alkawarin ninka kuɗi cikin wata. MMM ta rufe asusun mutane a Disambar 2016, CBEX ta rushe a Afrilun 2025, kuma tsarinsu ɗaya ne: da kuɗin sababbin shiga ake biyan na farko, har ranar da sababbin suka ƙare. Ganin maƙwabci ya karɓi riba ba shaida ba ce, da shi ake jawo ka.

Mataki na huɗu shi ne bashi, kuma nan ne zuciya ta fi nauyi. Yawancin masu bashi ba su san jimillar abin da ake bin su ba, saboda tsoron haɗawa. A daure a rubuta duka a shafi ɗaya: wa yake bi, nawa ne, yaushe aka yi alkawari, yana ƙaruwa ko ba ya ƙaruwa. Addini ma da rubutun ya yi umarni, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take.

Bayan an rubuta, sai a jera su. Haƙƙin wanda ya yi maka aiki da guminsa, mai ga-ruwa ko mai wanki ko yarinyar da ke taya aiki, shi ne farko, domin yawanci kaɗan ne a wajenka, abincin yini ne a wajensa. Daga nan sai bashin da ke haihuwa, musamman na manhajojin rance na waya. A ce ka karɓi 20,000 za ka mayar da 24,000 bayan wata. Dubu huɗu ba ta da ban tsoro. Amma idan kowane wata sai ka biya ka sake karɓa, a shekara ka ba su 48,000, kuma har yanzu suna bin ka 20,000. Ga haramcin riba, ga tozarci, don wasunsu sukan kwashe lambobin da ke wayar mutum su aika wa surukansa da abokan aikinsa saƙon cin mutunci, abin da ya sa hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta kai samame ofisoshin wasu a Legas a Maris ɗin 2022. Duk rarar da aka samu, 10,000 ɗin misalinmu da abin da aka tsuke daga katin waya, a tattara a kan irin wannan bashi har ya mutu, a goge manhajar. Idan akwai abin sayarwa da ba a buƙata, tsohuwar waya ko wani kaya, a sayar a kashe shi lokaci ɗaya.

Sai mai shagon unguwa, wanda yake ba ka shinkafa a ashirin ga wata. Shi jarinsa ne a hannunka. Kada ka sauya hanya don gudun haɗa ido. Ka je da ƙafarka ka ce, "Alhaji, na duba lissafina, dubu goma sha takwas kake bi na. Zan riƙa kawo dubu uku duk ƙarshen wata, sabon abin da zan ɗauka kuma da kuɗi a hannu." Mai bin bashi ya fi jin zafin shiru da ɓuya fiye da jinkiri. Haka za a yi da yaya ko ƙani ko aboki, a faɗi abin da za a iya, a cika shi ko kaɗan ne.

Akwai bashin da maza da yawa ba sa sa wa a lissafi, shi ne na matansu. Kuɗin da ta samu a ƙosai ko ɗinki ko kitso, da sadakinta, da gadonta, nata ne. Idan maigida ya ce "ara mini, in albashi ya zo zan ba ki", bashi ne kamar kowane, a rubuta shi a biya. In ta yafe da bakinta, alheri ta yi. Matar da ta ga ana mayar mata da kuɗinta za ta fito da shi da kanta ranar da gida ya shiga matsi.

Wanda bashi ya fi ƙarfinsa gaba ɗaya, ba ta hanyar almubazzaranci ba, ya sani yana cikin rukunan mutane takwas da aka ambata a rabon zakka. Faɗa wa limamin unguwa ko wani dattijo halin da ake ciki ba abin kunya ba ne.

Da zarar bashin mai haihuwa ya ƙare, kada 10,000 ɗin ta koma cefane. Ta zama kuɗin ko-ta-kwana, a tara har ya kai aƙalla kuɗin abincin wata guda, kada a taɓa shi sai don ciwo ko haihuwa ko rasa aiki. Rashin lafiya ce ta fi saurin rusa lissafin gida, don haka a bincika tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha, irin wanda Kano take da shi, a ga ko kuɗin shiga ya fi sauƙi a kan biyan asibiti daga aljihu. Buƙatun dangi kuwa ba sa ƙarewa, kuma zumunci wajibi ne. A ware musu kasonsu kamar yadda muka yi a sama. Idan ya ƙare, a ce "Yaya, wallahi na wannan watan ya tafi, in Allah ya kai mu wata mai zuwa zan tuna da ke." Cin bashi mai ruwa don a yi ankon biki ko a fita kunyar gudummawa zalunci ne ga yaran gida. Layya ma a kan mai hali take.

Farashi ba ya tsayawa, saboda haka duk bayan wata uku maigida da uwargida su zauna su sake duba alƙaluman, a ƙara inda ya ƙaru, a rage inda za a iya. Wata zai zo da lissafin zai karye, a ci kason haya a asibiti. Wannan ba dalilin jefar da littafin ba ne, a rubuta abin da aka ɗiba a mayar da shi sannu a hankali.

Ɗan'uwa, shafin bashin nan kada ya zama sirrinka kai kaɗai. A shari'a, sai an biya bashin mamaci kafin a zartar da wasiyya, kafin a raba gado, kuma magada ba za su biya abin da ba su sani ba, ba za su karɓo abin da kake bin wasu ba. Ka rubuta na mutane da ke kanka da naka da ke kan mutane, ka sa kwanan wata, ka nuna wa iyalinka ko babban ɗanka inda littafin yake tun kana da lafiyarka.